Ba-Komai da Matakalar Makaranta

Ƙafata tana kan keken ɗinki, allura tana cikin wani tsohon kaki mai kauri, sai waya ta yi ƙara. Shugaban 'yan dakon sito ne, mutumin da ba ya kirana sai in wandonsa ya yage.

"Tela, kana zaune?"

"To da a tsaye nake ɗinki?" na ce masa, har ina dariya.

Bai yi dariya ba. Na ji ƙugin babbar mota a bayansa, na ji ya ce wa wani ya kashe injin. Sannan ya ce, "Abokinka ya sauke buhu, ya jingina da bango ya zauna. Mun ɗauka hutawa yake yi. Har muna tsokanarsa, don ba wanda ya taɓa ganin ya zauna da rana tsaka. Tela, Ba-Komai ya rasu."

Ban san lokacin da wayar ta faɗa cikin kwandon ƙyallaye ba. Na dai san ƙafata ta ci gaba da taka keken ita kaɗai, har allura ta karye. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Layi ɗaya muka tashi da shi, benci ɗaya muka zauna a firamare, kafin mahaifinsa ya rasu ya ajiye littafi ya shiga dako. Gajere ne mai faɗin ƙirji, wuyansa kamar turmi, kafaɗarsa ta dama ta yi kanta har ta fi ta hagu tudu. Duk rigar da na ɗinka masa, a kafaɗar nan take fara mutuwa. Yana da sunan yanka kamar kowa, amma a sito da unguwa ba wanda ya san shi da shi. In akwati ya faɗo masa a yatsa, ba komai. In aka tsallake shi a layin lodi, ba komai. In ruwa ya yi masa duka tun daga sito har gida, ya shigo yana ɗiga kamar tsumma, ka ce masa sannu, zai washe baki ya ce ba komai. Matarsa, wadda take aiki a ɗakin wankin asibiti, takan ce, "Wannan ko gidan ne ya kama da wuta, sai ya ce wa 'yan kwana-kwana su koma, ba komai."

Sun daɗe ba su samu haihuwa ba. Da Allah ya kawo, sai ya kawo 'ya mace mai manyan idanu da surutu tun kafin haƙori ya fito. Sa'o'inta suka yi rarrafe, ba ta yi ba. Suka miƙe, ba ta miƙe ba. Likita ya gaya musu ƙafafun ba za su ɗauke ta ba, hannun hagu ma sai a hankali, amma kanta lafiya lau. A gaban likitan Ba-Komai ya faɗi abin da ya saba faɗa. A bayan asibitin kuwa, wajen tankin ruwa, na same shi ya daɗe yana wanke fuskar da ba ta yi datti ba.

Daga ranar bayansa ya zama nata. Yakan ɗora ta a wuya ya zaga unguwa, ita kuma ta riƙe kunnuwansa biyu. In ta ja na dama ya yi dama, in ta ja na hagu ya yi hagu, in ta danna masa hanci ya yi hon. Da haka ta samu sunan Direba, ya bi ta har makaranta.

"Direba, yau ina muka nufa?" nakan tambaye ta in sun tsaya a ƙofar shagona.

"Gareji, Baba Tela. Motar nan ta tsufa, hayaƙi take yi."

"Uwata, ni ne tsohuwar motar?" in ji shi. "To sauka ki hau sabuwa."

"Ba ni da kuɗin sabuwa. Ja mu je."

Da ta isa shiga makaranta, ta farko suka ce ba su da wurin irinta. Ba-Komai ya yi musu godiya ya juyo. Ta biyu, mai bene ɗaya da ke bayan tashar mota, ita ce ta karɓe ta, saboda a can akwai wata malama da aka ajiye don yara masu bukata ta musamman. Doguwa ce siririya mai saurin tafiya, kowa Malama yake ce mata. Ita ta bi ofishin ilimi har aka ba Direba keken guragu daidai jikinta, ita ta sa kafinta ya yanke ƙafar tebur ɗaya don keken ya shiga ƙarƙashinsa. Ƙananan azuzuwa duk a ƙasa suke, banɗaki ma a ƙasa, a ƙarshen baranda. Shekarun nan na farko su ne masu daɗi. Yarinya ta riƙa zuwa ta ɗaya ko ta biyu, uban ya riƙa kawo mini sakamakonta in karanta masa, alhali ya riga ya sa mutum uku sun karanta masa a hanya.

Sai ta ci jarabawar shiga aji huɗu. Aji huɗu kuwa a sama yake.

Matakalar siminti ce, tsukakkiya, mai lanƙwasa a tsakiya, bakin kowane taki ya sha ƙafar yara har ya yi santsi. Ranar farko Ba-Komai ya tsaya a gindinta ya dube ta yadda yake duban mota cike da buhuna. Ya durƙusa, ya ce, "Uwata, hau." Ya kai ta sama ya zaunar a benci, ya sauko ya ɗauki keken ya sake hawa. Daga nan ya ruga sito. Da aka tashi ya dawo ya sauko da su ɗaya bayan ɗaya.

Da farko da tawul yake ɗaure ta. Da ta ƙara nauyi, tawul ya fara zamewa, sai ya zo wurina. Na samo kaki mai kauri na ninka biyu, na yi masa mazauni mai kafar ƙafa biyu, na ciro maɗauran wata tsohuwar jakar tafiya na ɗinka masa, na cusa soso a inda zai hau kafaɗar dama. Ya gwada a shagon, ya yi tsalle da ita sau biyu tana ihu.

"Tela, ashe kana da amfani."

"Ka dai biya ni."

"Rubuta a bango."

Kowane 'yan watanni yakan dawo da abin goyon in ƙara masa tsawo. A jikin maɗauran nan na riƙa ganin girman Direba, layin zare bayan layin zare.

Mutane kuwa suka yi ta yabo. Iyaye mata a bakin ƙofar makaranta suna cewa, "Kai, wannan shi ne uba." Hedimasta, dattijo mai sanyin hali da ba ya son hayaniya, ya taɓa tsayar da shi a gaban yara wajen taron safe ya ce su yi koyi da shi. Yara sukan jeru a matakalar suna tafi in yana hawa. Duk cikinmu ba wanda ya ga abin da yabon nan yake rufewa, sai Malama.

A ƙarshen kowane zango wani kwamiti yakan zo daga ofishin ilimi, su zauna da iyayen irin waɗannan yara ɗaya bayan ɗaya, su ji abin da yaro yake bukata. Maman Direba ba ta samun fita daga ɗakin wanki a irin lokacin, don haka shi yake zuwa. Wani zangon ya ja ni na raka shi. Ya sa rigarsa mafi kyau wadda na goge masa, ya zauna a bakin kujera, hannuwansa a kan gwiwa. Shugabar kwamitin wata mata ce mai tabarau, ga alama ta gaji, don tun safe take jin koke-koke.

"Baban yarinya, akwai wata matsala wajen zuwanta aji?"

"Babu, ranki ya daɗe. Alhamdulillahi."

"Na ga ajinsu a sama yake. Yaya take hawa?"

"Ni nake kai ta."

"Kullum? Ba ya wahalar da kai?"

Ya yi murmushin nan nasa. "Ranki ya daɗe, ni da nake ɗaukar buhu tun safe har yamma? Ai ba ta kai rabin buhu ba. Ba komai."

Matar ta duba rajista ta ga yarinya ba ta taɓa fashi ba, ba ta taɓa makara ba. Ta yi masa addu'a, ta kira na gaba. Malama tana tsaye a jikin taga, na ga ta runtse ido kamar an taka mata ƙafa.

Da yamma ta biyo shi har shagona. Ko zama ba ta yi ba.

"Baban Direba, me na ce maka jiya?"

"Kin ce in faɗi gaskiya. Ai gaskiya na faɗa."

"Na rubuta musu sau nawa a sauko da ajin nan ƙasa. Kullum amsarsu ɗaya ce: uban yarinya ya ce ba matsala. Akwai makarantu da yawa a gabansu, wanda ya yi kuka shi suke fara dubawa. Wannan ba alfarma ba ce kake roƙo, haƙƙin 'yarka ne. Doka ce ta ce aji ya zo inda take, ba ita za a riƙa kinkima kamar kaya ba."

Fuskarsa ta canza. "Malama, ban taɓa ɗaukarta a matsayin kaya ba."

"Na sani. Ka yi haƙuri da bakina. Amma muddin bayanka yana nan, ba wanda zai ga matakalar nan. Kai ka rufe ta. Ran da ka kwanta ciwo fa?"

"Ba na ciwo."

"Ran da ka tsufa fa?"

"Kafin nan ta gama."

"To ka bar ta a ƙasa rana ɗaya tak, ranar da kwamiti zai dawo. Su zo su same ta a gindin matakala. Gani ya kori ji."

Ya miƙe tsaye, abin da ban taɓa ganin ya yi wa mace tana magana ba. "In bar 'yata a ƙasa yara suna tsallake ta, ina da rai, ina da baya? Don wasu masu tabarau su ji tausayinmu? Malama, ki nemi wani abin."

Da ta tafi na ce masa, "Ka san fa tana da gaskiya."

"Kai kuma ɗinka abin da aka ba ka."

A gida ma Maman Direba ta yi ta fama. "Kai dai a ce maka gwarzo, shi ke nan ka ƙoshi. Bakinka zai tsage ne in ka ce ka gaji?" Shi kuwa sai ya ɗauki buta ya fita. Ba girman kai ba ne, ni na san shi. Tun yana yaro ya koyi cewa in ya yi ƙorafi ba mai ji, in ya yi shiru ya ɗauka, aiki yana ƙarewa. Da wannan ya ciyar da uwarsa da ƙannensa. Yaya za a yi rana ɗaya a ce masa abin da ya raine shi shi ne yake cutar da 'yarsa?

Haka aka ci aji huɗu, aka shiga aji biyar, shi ma a sama. Na ƙara wa maɗauran tsawo har sau biyu. Na lura ya fara tsayawa a lanƙwasar matakala, wai yana gyara ɗauri. Na lura in ya zauna a bencin shagona yakan danna ƙirjinsa da tafin hannu. In na tambaya, kun san amsar.

Sai Direba ta kwanta. Zazzaɓi mai zafi, da ciwon mara, har ta daina surutu, abin da ya fi tsorata mu. A asibitin da uwarta take aiki aka kwantar da ita. Ina tsaye a ƙofar ɗakin lokacin da likita, wata matashiya mai fara'a, ta zauna a bakin gadon.

"'Yan mata, ina yake miki ciwo?"

"Ba komai," in ji Direba, leɓenta a bushe.

"Kina shan ruwa sosai a makaranta?"

Ta saci kallon ubanta.

"Gorar ruwanta kullum a cike take dawowa," in ji uwar. "Na ɗauka a can take sake cikawa."

Likitar ta yi ta lallashi har yarinya ta buɗe baki. Banɗaki yana ƙasa. Ita tana sama. Babanta yana sito. Malamin ajinsu namiji ne, Malama kuma ba ta iya ɗaukarta, ƙawayenta ma yara ne. Don haka tun da ta hau sama ba ta shan ruwa daga safe har a tashi, ko shayin safe sai ta faki ido ta zubar a bayan ƙofa. In kuma fitsari ya matse ta duk da haka, sai ta riƙe.

"Shekara da watanni kina haka?" in ji uwar. "Me ya hana ki faɗa?"

"Kar Baba ya riƙa barin aiki yana dawowa. Na ji yadda yake numfashi a matakala." Ta juya wajensa. "Ba komai fa, Baba."

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ba-Komai ya ji maganarsa ta fito daga bakin 'yarsa, da irin murmushinsa, da irin ɗaga kafaɗarsa. Ya fita daga ɗakin. Wannan karon bai kai tankin ruwa ba. A barandar asibiti ya durƙushe, mutane suna ratse shi, ya kifa kai a gwiwata ya yi kukan da ban taɓa jin namiji ya yi irinsa ba.

"Tela, ni na koya mata. Ni na koya mata."

Allah ya ba ta lafiya, ko da yake likita ta ce ƙodar ta taɓu kaɗan, sai an riƙa lura. Da ta koma makaranta ya riƙa barin sito da tsakar rana yana zuwa ya sauko da ita ya mayar, hawa ya ƙaru a kan hawa. Shi da kansa ya je ya sami Malama ya tambaye ta yaushe kwamiti zai dawo.

Ranar, da safe ya biyo ya ɗauke ni. Ya tura keken har gindin matakala, ya ja birki, ya gyara mata ɗankwali, ya sa mata gorar ruwa a cinya. Abin goyon yana rataye a kafaɗarsa, ya cire ya miƙo mini.

"Riƙe. In yana jikina ba zan iya ba."

"Baba, tafi mana," in ji Direba. "Mota ta lalace yau. Je ka gareji."

Muka koma bayan katangar makaranta, inda bulo ɗaya ya fita, ana hango gindin matakalar. Aka kaɗa ƙararrawa. Yara suka yi ta gudu suna hawa, suna ratsa ta dama da hagu. Wasu suka tsaya suna tambayarta, ta yi musu alama su wuce. Sai wurin ya yi tsit, saura ita kaɗai, ta buɗe littafi a cinya tana jin muryar ajinsu tana saukowa daga sama. Rana ta fara hawa barandar, ta kai ƙafafunta.

Ba-Komai ya kasa ɗauke ido daga kafar katangar. Sau biyu ya zabura, na riƙe bayan rigarsa, har kafaɗar ta yage a hannuna.

"Sake ni, Tela. Rana tana dukanta."

"Ba zan sake ka ba. In ka ga dama ka kai ni ƙasa."

"Wallahi zan karya ka."

"Karya. Sai ka nemi wani telan."

Da ya so, da hannu ɗaya zai watsar da ni. Bai yi ba. Ya kafa goshinsa a jikin katanga ya tsaya.

Motar kwamiti ta makara, kamar yadda ta saba. Matar nan mai tabarau ta sauko, ta nufi ofis, sai ta ja ta tsaya.

"Ke, me kike yi a nan? Ba a shiga aji ba?"

"An shiga, Anti. Ajinmu yana sama."

"Ina mai kai ki?"

"Yau bai iya ba."

Matar ta ɗaga kai ta bi matakalar da kallo tun daga ƙasa har lanƙwasa, ta dawo da idonta kan keken. Ina jin a ranar ta fara ganin matakalar nan, duk da ta sha wuce ta.

Da aka kira shi ya shiga da yagaggiyar riga, ina biye da shi. Ya zauna a bakin kujera kamar wancan karon. Aka yi masa tambayar da aka saba. Bakinsa ya buɗe, na ga kalmominsa na kullum sun taho har kan harshensa. Ya haɗiye su. Ya dubi ƙasa.

"Ranki ya daɗe, na gaji. Bayana yana ciwo, ƙirjina yana ciwo. 'Yata ta daina shan ruwa saboda ni, har ta kwanta a asibiti. Ba zan iya ba kuma. An ce haƙƙinta ne. Ku sauko mata da ajinta."

Da muka fito gumi ya jiƙa shi sharkaf, ya fi na ranar lodin siminti.

"Tela, gara in sauke tirela ni kaɗai."

Ba a ranar aka gama ba. Aka yi ta kai da kawo, Malama tana zirga-zirga tsakanin makaranta da ofis har takalminta ya cinye. Shi kuma ya ci gaba da hawa da ita kafin magana ta faɗa, ba yadda zai yi. A ƙarshe aka amince: bayan dogon hutu ajin su Direba zai dawo ƙasa, zai kuma zauna a ƙasa har ta gama, za a faɗaɗa ƙofar banɗaki a kafa mata ƙarfen riƙewa. Sai hedimasta ya ce ɗaki ɗaya ne ya rage a ƙasa, shi ma cike yake da karyayyun bencina da tebura har rufi, ba shi da masu kwashewa sai ofis ya turo.

Da a ce ya jira. Malama ta ce masa ya jira, aikinsu ne. Ni ma na ce ya jira. Amma mai hali ba ya fasa halinsa gaba ɗaya. Ya ce in aka biye wa ofis, hutu zai ƙare ɗaki yana nan yadda yake. Ranakun da ba lodi a sito ya riƙa zuwa shi kaɗai, yana kwasar bencinan nan yana hawa da su sama ta matakalar nan dai, zuwa ajin da za a bari. Ya share ɗakin, ya wanke, ya toshe ramukan ƙasa da siminti don kada tayar keke ta maƙale. Ya kai Direba ta gani, ta zaga ɗakin da kanta tun daga ƙofa har allo, ta zaɓi wurin zamanta kusa da taga.

Saura 'yan kwanaki a koma makaranta wayar nan ta same ni.

Likita ya ce zuciya ce, ta daɗe tana ba da sanarwa. Maman Direba ba ta yi kururuwa ba. Ta zauna a ƙasan ɗakinsu da rigarsa mai yagaggiyar kafaɗa a cinya, tana ta maimaitawa, "Sau ɗaya ya ce ya gaji. Sau ɗaya a duniya." Direba kuwa da na shiga ta dube ni da manyan idanun nan. Na ce mata sannu. Na tsaya ina tsoron abin da za ta amsa.

"Baba Tela," ta ce, "da ciwo."

Na rungume ta muka yi kuka tare. A cikin kukan na gode wa Allah da ba ta faɗi ɗayar maganar ba.

Ranar komawa makaranta ni da uwarta muka raka ta. A bakin ƙofa na kama bayan keken zan tura, ta ce in saki. Ta murza taya da hannun dama, na hagu yana taimakawa a hankali, ta bi baranda, ta wuce gindin matakala ba ta ko waiwaye ta ba, ta shiga aji. Gorar ruwanta tana rataye a gefe. Malama tana tsaye a ƙofar ajin tana share ido da bakin mayafi. Ni ne na kasa wuce matakalar. Na tsaya ina kallon lanƙwasar nan inda yake tsayawa gyara ɗauri, har mai gadi ya zo ya kama hannuna.

A bayan keken nata akwai jakar littattafai ta kaki mai kauri, da maɗaurai masu layin zare da yawa. Ita ce take ƙarƙashin allurata lokacin da waya ta yi ƙara. Na sa sabuwar allura na ƙarasa ta bayan an share makoki, rabin ɗinkin ban gan shi sosai ba.

Jajibirin rasuwarsa ne ya kawo mini kakin da na yi ta da shi. Da la'asar ya shigo, ƙurar sito a gashin girarsa, ya jefa abin goyon a kan teburina ya zube a benci.

"An zo ƙarin tsawo?" na ce. "Ai maɗauran sun ƙare, sai dai in haɗa da igiyar shanya."

"A'a. Farke shi."

"In farke?"

"Ka yi mata jakar littattafai da shi. Mota ta yi ritaya. Yanzu ita za ta riƙa ɗaukar kayanta." Ya shafa soson kafaɗar, wanda ya lotse ya ɗauki siffar ƙashinsa. "Wannan dai ka bar shi a jiki."

"Soso a jakar da za a rataya a keke? Me zai yi?"

"Ka bar shi dai."

"To kai kuma me za ka riƙa yi da safe?"

Ya yi dariya, ya danna ƙirjinsa da tafin hannu. "Zan zo nan in zauna in dame ka. Ka san ban taɓa shan shayi a zaune ba? Ka tanadi kofi biyu."

"Kai za ka kawo sukari."

"Rubuta a bango." Ya miƙe, ya kai ƙofa, ya juyo. "Za ta samu kafin a koma?"

"In Allah ya yarda. In kuma ban gama ba fa?"

Na jira ya ce ba komai. Ya ɗan tsaya, hannunsa a jikin ƙofa.

"A'a, Tela," ya ce. "Ka gama. Tana bukata."